Hawa na Goma Sha Tara

Ranar Talata na je da igiyar awo,
na auna bakin lif, na rubuta a tafin hannu.
Kabad ɗin Baba ya ɗara shi da taƙi guda.
Shi ya sassaƙa abinsa shekarar da ya baro Sivas,
ya iso Istanbul da guduma da bargo ɗaya,
ya tada wannan ɗakin cikin dare, kafin hukuma ta farka.
Turgut kafinta ya ce a raba shi biyu.
Na ce bari tukuna.

Inna Nebahat ba ta ce uffan ba.
Kwana uku ke nan tana naɗe kofunan shayi a tsohuwar jarida,
masu siririn ƙugun nan,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirya jarirai.
Ta ƙirga sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa.
Na sha biyun ya fashe tun ranar aurena,
ta sani sarai, amma ta duba ƙarƙashin gado.

Takardar kamfani shafi huɗu ce.
Ba kaji, ba murhun itace,
ba shanya a baranda, kar a ɓata wa bene fuska.
Ba a barin takalmi a bakin ƙofa.
Nan Inna ta ɗago kai:
gidan da ba takalmi a ƙofarsa,
ta yaya baƙo zai san da mutane ciki?

Kajin mun ba Hikmet, shi ma ya yanka,
don shi hawa na huɗu ya faɗo masa, a wani benen daban.
Shekara arba'in katanga ɗaya muke jingina,
gishiri na tsallakowa, albasa na komawa.
Yanzu ya ba ni lambar da zan danna.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na gaji.
Na gaji da tara bokiti duk daren da sama ta ɓalle,
na gaji da tarin hayaƙi a ƙirjin Gülizar.
Ita kam tuni ta tare a zuciyarta,
ta ce daga tagarta ana hango jiragen ruwa,
ƙanana kamar ƙwayar shinkafa,
ta ce tsuntsayen teku bayansu za mu riƙa gani, ba cikinsu ba.

Ɓauren tsakar gida sa'ana ne.
Ba ya shiga kwali.
Na karyo reshe, na dasa a gwangwanin man zaitun,
Inna ta kalle shi ta ce,
ko zai yarda ya zauna inda saiwarsa ba ta jin ƙasa?
Ban tabbata ɓauren take nufi ba.

Daren jiya, bayan an shafa wa bangonmu jan fenti,
ta tambaye ni ina alƙibla take a can sama.
Na ce gefen kicin.
Ta yi shiru, can ta ce,
ashe kiran sallah daga ƙasa zai riƙa hauro mana.

Da asuba na janye kabad daga bango.
A bayansa rubutun Baba ne da fensir:
bashin bulo, bashin siminti, an soke su ɗaya-ɗaya,
sai tsawona, shekara shida, shekara tara,
da wani layi can ƙasa, babu suna,
na ƙanena da bai kai bakwai ba.

Turgut ya iso da zartonsa.
Na ce ya mayar.
Na koma benen, na bi matakala ina ƙirgawa,
ɗari uku da arba'in da biyu,
kowace kwana na auna ta da igiya.
Zai wuce, in an karkata shi.
Hikmet ya ce zai kama gaba,
ko da bayansa ba na da ba ne.
Inna ta ce a tashe ta da wuri,
za ta dafa mana shayi a murhun,
na ƙarshe.